Idan Rana Ta Ƙwalle A Katsina: Yadda Za Ka Kare Kanka, Da Yadda Za Ka Ceci Wanda Zafi Ya Kayar

Daga tsakiyar Maris har zuwa saukar ruwan farko, duk mai neman abincinsa a waje a Katsina da Daura ya san halin da ake ciki. Ma'aunin zafi kan taɓa digiri 40, wasu ranakun Afrilu da Mayu ma ya zarce, kuma a inuwa ake yin wannan awon. Mai kwaɓa siminti a saman bene, da ɗan ga-ruwa mai tura kura cike da jarkoki, da dillalin da ke yini tsaye a kara ta Mai'aduwa ko Caranci, abin da jikinsu ke sha ya wuce wannan lissafin nesa ba kusa ba. Sabo ya sa muna raina abin. Mutum ya yanke jiki ya faɗi da tsakar rana, sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko a ce hawan jini ne, ba mai kawo rana a ransa.

Alhali rana tana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2019, zafi ya riƙa zama sanadin mutuwar kimanin mutum 489,000 duk shekara. A aikin Hajjin 2024, da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya sun tabbatar da rasuwar mahajjata sama da 1,300, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa ba inuwa. A Afrilun shekarar dai, garin Kayes na ƙasar Mali, wanda yankinmu ɗaya na Sahel, ya ga digiri 48.5. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da yawa daga cikin waɗanda zafi ke kayarwa, ruwan randa da mutum ɗaya da ya san abin yi sun isa su cece su tun kafin a nemo mota.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Jikin mutum yana zama ne a wajen digiri 37. Idan zafi ya ƙaru, sai ya tura jini zuwa fata, ya kuma fitar da zufa. Bushewar zufar ce ke sanyaya mutum, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa saboda raɓar da ke tsattsafowa ta bayanta iska tana busar da ita. Mai aikin ƙarfi cikin rana kan zubar da lita 1 ta zufa a awa guda, wani har lita 2, kuma gishirin jiki yana fita tare da ita. Idan ba a mayar ba, jini ya ragu, zuciya ta shiga bugu da sauri don ta cike giɓin, ƙwaƙwalwa da ƙoda su fara rasa rabonsu.

A Maris da Afrilu iskar busasshiya ce, zufa tana bushewa tun kafin ka gan ta, sai ka zaci ba ka rasa komai ba. Farin gishirin da ke kwanciya a wuyan riga da bakin hula shi ne shaidarka. Daga Mayu kuwa, idan hadari ya fara haɗowa iska ta yi nauyi, zufa sai ta yi ta zuba ba ta bushewa. Ranakun nan na gumi suna da haɗari ko da ma'auni bai kai na Afrilu ba, don hanyar da jiki ke sanyaya kansa ta toshe.

Mataki na farko: raba yini da rana

Aikin ƙarfi a yi shi daga bayan sallar asuba zuwa wajen ƙarfe 11, a ajiye, a dawo bayan la'asar. Manoman rani na bakin madatsun Jibiya da Zobe da Ajiwa da Sabke, da masu sharar gona, su ne masu ikon lokacinsu, za su iya. Matsalar tana wajen ɗan ƙwadago da aka ɗauka na yini, wanda in ya zauna za a ce malalaci ne. Don haka maganar nan ta mai ba da aiki ce kafin ta zama ta lebura. Alhaji, in za ka yi zubin kankare a Afrilu, ka sa a fara da duku-duku, ka kafa rumfa, ka ajiye durom na ruwan sha daban da na kwaɓi. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta. In har an sassauta a sallah, ban ga dalilin da za a ƙi sassautawa a ɗaukar bulo ba.

Inda aiki ba ya ajiyuwa, a riƙa hutawa a inuwa minti 10 zuwa 15 duk awa, a ƙara idan rana ta take. Inuwar bedi ko tsamiya mai iska ta fi shagon langa-langa da ke rufe. Kada kowa ya yi aiki shi kaɗai a gona mai nisa ko cikin rami, don wanda zafi ya fara taɓa wa ƙwaƙwalwa ba ya sanin halin da yake ciki, na kusa da shi ne ke ganewa.

Akwai kuma maganar sabo. Jiki yana bukatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Sabon lebura, da ɗalibin da ya dawo hutu aka tura gona, da wanda ya tashi daga jinya, da baƙon da ya zo daga Jos, su ne aka fi kwasa a kwanakin farko. Ranar farko a ba shi kashi 1 cikin 5 na aikin rana, a riƙa ƙarawa kullum. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da gargaɗi idan ana sa ran zafi mai tsanani, kuma gidajen rediyo suna karantawa. Ranar da aka yi gargaɗin, a ɗaga abin da zai ɗagu.

Mataki na biyu: ruwa da gishiri

Kada ka jira ƙishirwa. Sha tun kafin ka fita, sannan a wurin aiki ka riƙa shan kofi ɗaya, wato kwatan lita, duk minti 15 zuwa 20. A lissafin fiyawota mai rabin lita, leda ɗaya da rabi zuwa biyu ke nan a awa. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a kwankwaɗi moɗa uku lokaci guda. Kada kuma a wuce lita 1 da rabi a awa, don ruwa zalla idan ya yi yawa yana tsinka gishirin jini, shi ma yana iya kai mutum ga jijjiga.

Fitsari ne ma'auninka. In yana fita fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, kana daidai. In ya yi ja kamar shayi, ko ka yini ba ka zagaya ba, jikinka ya bushe.

Wanda ya yi awa biyu ko fiye yana zufa, gishiri ma yana so. Cin abinci a kan lokaci yana mayar da mafi yawansa. Fura da nono, farau-farau, kunun zaƙi, kankana, gurji, lemo, duk suna taimakawa. In zufar ta yi yawa, a kaɗa ƙullin O.R.S na kemis yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a haɗa na gida: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali a shafe. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, su tambayi likitansu yawan ruwa da gishirin da ya dace da su tun bazara ba ta kankama ba.

Ana yawan cewa wanda ya fito daga rana kada ya sha ruwan sanyi. Ba shi da illa, yana ma taimakawa wajen sauke zafin ciki, a dai sha a hankali. Abin gudu shi ne lemukan gwangwani na ƙara kuzari, da uwa uba ƙwayoyi irin su tiramol da wasu matasa ke haɗiya don kada su ji gajiya. Gajiyar nan ita ce ke gaya maka ka tsaya. In ka kashe ta da ƙwaya, ba abin da zai tsayar da kai sai faɗuwa.

Mataki na uku: sutura

Riga mai faɗi ta auduga, mai haske, mai dogon hannu. Tuɓe riga cikin rana ba dabara ba ce. Malfa ta fi hula nesa, don tana rufe kunne da ƙeya da fuska, kuma iska tana ratsa ta. Mata masu zuwa kasuwa ko unguwa da rana, hijabin roba mai kauri baƙi yana tara zafi. A nemi yadi mara nauyi mai haske, a riƙe lema. Jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya ko a ƙarƙashin malfa yana rage zafi ƙwarai.

Takalmi kuma dole ne. Kwalta da yashin tsakar rana suna ƙona tafin ƙafa har ya yi bororo. Almajirai da yara 'yan talla ne suka fi shan wannan, sai mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, wanda zai ƙone bai sani ba.

Azumi da hawan sallah

Azumin 2024 da na 2025 duk cikin Maris aka yi yawancinsu. Da yake watannin Musulunci suna ja baya da kwana 10 zuwa 11 duk shekara, yanzu Babbar Sallah ce ke matsowa cikin Mayu da Afrilu, tare da azumin Arfa da hawanta. Duk shekarar da aka yi hawa, dubban mutane ne ke tsayuwa awanni a Ƙofar Soro, haka a Daura ranar Hawan Magajiya, ga mahaya cikin manyan riguna da rawani da alkyabba. A tafi da ruwa, a nema wa yara da dattawa inuwa tun da wuri, kada a goya jariri a lulluɓe shi da mayafi mai kauri cikin cunkoso.

Mai azumi ya rarraba shan ruwansa daga buɗa-baki zuwa sahur, kada ya tara shi a minti biyar na ƙarshe, ya kuma mayar da aikin ƙarfi safiya ko dare. Idan kuwa jiri da amai suka kama shi, ko ya fara ganin duhu, ya sha ruwa ya rama daga baya. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, karya azumi wajibi ne a kansa.

Mataki na huɗu: gane matakin da mutum yake

Ƙurajen zafi ƙaramin abu ne, wanka da barin fata ta sha iska sun isa. Ɗaurewar tsokar ƙafa ko ciki ana cikin aiki gargaɗi ne cewa ruwa da gishiri sun yi ƙasa: a zauna, a sha O.R.S, a miƙe tsokar a hankali.

Galabaitar zafi ita ce ta gaba. Zufa sharkaf, ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya ko amai, ƙishirwa mai tsanani, bugun zuciya da sauri. Fatar kan yi sanyi da danshi, leɓe da tafin hannu su koɗe. Wani ya ɗan suma idan ya miƙe tsaye, ya farfaɗo da zarar an kwantar da shi. Amma hankalinsa yana tare da shi.

Bugun zafi shi ne mai kisa. Zafin cikin jiki ya kai digiri 40 ko fiye, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Mutum ya fara sambatu, ko maganarsa ta sarƙe, ko ya yi ta tangaɗi, ko mai haƙuri ya koma faɗa da zagi ba dalili, ko jijjiga, ko doguwar suma. Jikin ya yi zafi rau. Ana cewa wai sai zufa ta ƙafe ake kiran sa bugun zafi; kada ka dogara da wannan. Matashin da aiki ko ƙwallo ya kayar sau da yawa yana jiƙe da zufa.

Abin da ke raba biyun shi ne hankali, kuma gwajinsa ba wuya. Ka durƙusa ka tambaye shi: "Malam, ya sunanka? Ina ne nan? Yau wace rana ce?" In ya amsa daidai, bi mataki na biyar. In ya kasa, ko ya amsa abin da ba shi aka tambaya ba, tsallake zuwa na shida ba tare da shawara da kowa ba.

Mataki na biyar: taimakon wanda ya galabaita

A kai shi inuwa mai iska, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga ƙafafunsa a kan buhu ko benci. A cire hula da takalmi da babbar riga, a sassauta tazuge. In mace ce, mata su kewaye ta da zane su rage mata kaya. A shafe fuska da wuya da hannuwa da ruwa mai sanyi, a yi ta fifita. A ba shi O.R.S ko ruwa yana kurɓa. Mutane su ja baya, taron 'yan kallo yana tare iska.

A duba agogo. Cikin minti 30 ya kamata a ga sauƙi. In bai samu ba, ko amai ya hana ruwa zama, ko maganarsa ta fara sauyawa, asibiti. In ya warware ma, aikin ranar ya ƙare. Kada wani ya ce ai ya ji sauƙi ya tashi ya ƙarasa jingarsa.

Mataki na shida: bugun zafi, a sanyaya kafin a ɗauka

Nan ne ake asarar rai, kuma yawanci saboda an ɓata rabin awar farko. Duk mintin da jiki ya ƙara a sama da digiri 40, ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda suna lalacewa. Likitocin da ke kula da sojoji da 'yan wasa sun daɗe da tsayawa a kan ƙa'ida ɗaya: a fara sanyayawa a wurin da mutum ya faɗi, sannan a ɗauke shi. Wanda aka sauke wa zafi cikin minti 30 na farko, galibi yana tashi.

A raba aiki. Mutum ɗaya ya tafi neman mota ko ya kira 112, sauran su hau ɗibar ruwa. A ja shi inuwa, a cire kayan jikinsa, a bar abin da zai rufe al'aura.

Abin da ya fi komai sauri shi ne tsoma shi cikin ruwan sanyi har wuya: babban baho, tankin ruwan magina, kwamin shayar da dabbobi, duk abin da ya samu. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hammatarsa kada fuska ta nutse, wani ya riƙa motsa ruwan. In akwai mai sayar da ƙanƙara kusa, a saye a zuba. In ba abin tsomawa, a shimfiɗa tamfol ko babbar leda, a kwantar da shi a tsakiya, mutum huɗu su ɗaga gefuna ya zama kamar kwari, a zuba ruwa a ciki. In wannan ma babu, a yi ta kwara masa ruwa daga wuya zuwa ƙafa ba ƙaƙƙautawa, ana fifita da mafici ko faifai ko kwali da ƙarfi. Jarkokin ɗan ga-ruwa ɗaya sun isa wannan aiki. Ƙanƙara ko fiyawota mai sanyi a sa a wuya da hammata da matsematsi, amma a matsayin ƙari. Ita kaɗai ba ta isa ba. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane a bar shi, don zanen zai ɗume ya riƙe zafin. In za a yi amfani da shi a riƙa sake jiƙawa. Tsoho da ƙaramin yaro, kwara ruwa da fifita ya fi sauƙin sarrafawa a kansu.

A ci gaba har hankalinsa ya dawo, ko jikin ya yi sanyi ya fara rawar ɗari, ko ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 39. A ruwan ƙanƙara abin kan ɗauki minti 15 zuwa 20. In mota ta iso alhali ba ku da isasshen ruwa, a tafi, a buɗe gilasai, a ci gaba da jiƙa shi a hanya.

Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ko nono ko rubutu, zai shiga huhu. In yana amai ko ya suma, a juya shi ya kwanta a gefe. In yana jijjiga, kada a cusa cokali a bakinsa, kada a danne shi, kada a yi masa hayaƙi. A kawar da abin da zai buge, a ci gaba da zuba ruwa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, don ba zazzaɓi ba ne, kuma yana ƙara wa hanta nauyi. Asfirin da ibufurofen su ma suna iya cutar da ƙoda a wannan hali.

Na san abin da ke zuwa zukata idan mutum ya faɗi da tsakar rana yana sambatu da fizge-fizge. Ba wanda ya hana addu'a. Baki ya yi ta, hannu yana zuba ruwa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kai shi ɗaki a rufe ƙofa, a turara, a jira la'asar.

Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, sai an kai shi asibiti mai gado da ɗakin gwaji, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibiti mafi kusa, ba kemis ba. Illar hanta da ƙoda kan bayyana ne bayan kwana ɗaya ko biyu. A gaya wa likita abin da yake yi lokacin da ya faɗi da magungunan da yake sha. Bazara kuma lokacin sanƙarau ce a ƙasarmu, kuma zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa yana kama da wannan. In an san ya kwana biyu yana zazzaɓi, ko wuyansa ya sanƙare, a faɗa tun a bakin ƙofa.

Ƙunar rana a fata

Ba zafin da kake ji ne ke ƙona fata ba, wani haske ne a cikin rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Ya fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, kuma gajimare mara kauri ko hazo ba sa tare shi duka. In inuwarka ta fi ka gajarta, lokacinsa ne. Baƙar fata tana da kariya ta halitta, amma tana ƙonewa. A jikinmu ba lallai a ga ja ba: wurin zai yi zafi, ya ɗaure, ya yi ƙaiƙayi da raɗaɗi in an taɓa, ya ƙara duhu. Yakan fara bayan 'yan awanni, ya tsananta washegari, bayan kwanaki fatar ta yi saɓa.

Mutum uku ne abin ya fi shafa. Na farko zabiya, kuma a kansa maganar rai ce. Fatarsa ba ta da kariyar, ƙuna kan ƙuna tun yarinta ita ce ke zama kansar fata, wadda ke kashe zabiyoyi da yawa a Afirka tun suna matasa. Iyaye, kada a tura shi kiwo ko talla ko gona da rana. A saba masa da malfa mai faɗi da dogon hannu da tabarau tun yana ƙarami. Malaman makaranta su bar shi da malfarsa, kada a tsayar da shi a fili. Duk gyambo ko ɓawo mai kaushi a kunne, leɓe, wuya ko bayan hannu da ya yi wata guda bai warke ba, a nuna wa likita. In an kama shi da wuri ana cire shi.

Na biyu mai shafa man bilicin. Sinadaran da ke cikinsa suna rage kariyar fata, wasu suna sa ta yi siriri, hukumar NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi a kansu. Baƙin tabon da ke fitowa a kumatu da goshi, da jan da fuska ke yi in an shiga rana, daga nan suke. Yaya, in kin fara, ki nemi likitan fata ya nuna miki yadda za ki bari a hankali, don masu sinadarin sitiroyid in an yanke su rana ɗaya fata takan tayar. Kada kuma a shafa wa yara.

Na uku mai shan wasu magunguna, kamar doksisaikilin da sifro da Septrin da wasu na hawan jini masu sa fitsari. Suna sa fata saurin ƙonewa. Kada a daina sha, a dai rufe jiki.

Ga waɗannan duka, sutura da inuwa ne gaba, sai man kariyar rana a inda tufa ba ta kai ba. A duba lambar SPF a jikin kwalba: 30 ko sama, zabiya 50. A shafa da yawa minti 20 kafin fita, har kunne da ƙeya, a sake duk awa 2 ko bayan zufa mai yawa. Man kaɗanya yana gyara fata amma ba ya maye gurbinsa.

In an riga an ƙone, a shiga inuwa, a yi wanka da ruwa mai sanyi ko a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle na minti 15 zuwa 20, a maimaita. A sha ruwa sosai. A shafa ruwan alobera ko mai mara nauyi mara turare. A nan farasitamol yana da amfani don raɗaɗi. Kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye, kada a shafa basilin a ranar farko don yana riƙe zafi. Makilin da ɗanyen ƙwai da baƙin mai da toka, waɗanda aka saba sa wa ƙuna, ba abin da suke kawowa sai ƙwayoyin cuta. Bororo kada a fasa shi. In ya fashe da kansa a wanke da ruwa da sabulu a rufe da bandeji mai tsabta. Saɓa ma a bar ta ta zube da kanta.

A tafi asibiti idan bororo ya mamaye wuri mai faɗi ko ya fito a fuska, ko wurin ya kumbura ƙwarai, ko aka samu zazzaɓi da rawar sanyi da amai, ko ya fara ruwa da wari. Jariri kuwa ko yaya ƙunar take a kai shi. A tuna wanda rana ta ƙona haka, galabaita tana iya zuwa tare, kuma ƙonanniyar fata ba ta fitar da zufa yadda ya kamata, don haka ya kauce wa rana har ta warke.

Waɗanda ke cikin gida ma

Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, kuma ɗakin kwano mara silin da rana tanda ne. A riƙa leƙa su Baba da Inna, a miƙa musu ruwa ba sai sun nema ba, a fito da su zaure ko gindin bishiya. Idan zafin ɗaki ya kai digiri 40, fanka ita kaɗai iska mai zafi take hurawa. A jiƙa jiki ko riga tukuna. Mai ciki, da mai ciwon suga, da mai amosanin jini wanda bushewar jiki ke tayar masa da ciwo, da mai shan Lasix ko Moduretic ko Piriton ko maganin taɓin hankali, zafi yana saurin kayar da su. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai za a ƙara masa, uwar ce za ta yawaita shan ruwa. Kada a bar yaro cikin mota a rufe ko da na shiga banki ne a fito: cikin minti 10 zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 10, kuma sauke gilashi kaɗan ba ya hanawa.

Komawa aiki

Wanda ya galabaita ya huta kwana ɗaya ko biyu, ya koma da rabin aiki. Wanda bugun zafi ya kayar, aƙalla mako guda ba aikin ƙarfi, kuma sai likita ya sake duba jininsa ya ba shi izini, sannan ya fara da aikin safe yana ƙarawa a hankali cikin makonni, don jikinsa zai daɗe yana saurin jin zafi. A kwanakin nan iyalinsa su sa ido: in fitsarinsa ya yi baƙi-baƙi ko ya ragu sosai, ko idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ko ƙafafu suka kumbura, ko ya fara mantuwa da ruɗewa, a mayar da shi asibiti a ranar.